Za a Sabunta Nima: Gyara Ne Ko Rusau?

Tambaya: Kawu, barka da aiki. A Nima aka yanke mini cibiya. Mu goma sha biyu ne a majalisarmu, mun gaji da shan ataya muna ƙorafi. Kullum ana cewa za a sabunta unguwa, iyayenmu kuwa da sun ji haka sai gabansu ya faɗi, su ce rusau ne. Muna so mu tsara gyaran layinmu da kanmu. Ta ina za mu fara?
*Ɗanka, daga Nima*

Amsa: Ɗana, kada ku yi wa tsoron iyayenku dariya. A idonsu aka kwashe 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021. Ga Nima kuma a tsakiyar Ankara, babban birnin Ghana, maƙwabciyar Kanda, kusa da filin jirgi. Ƙasa irin wannan masu kuɗi ba sa ɗauke ido daga kanta.

Ku fara da littafi da biro. Ku bi layin gida-gida: ɗaki nawa, mutum nawa, akwai bayan gida ko sai an yi layi a na kuɗi? Ruwa ya taɓa shiga? Iya ina ya kai a bango? Ku rubuta 'yan haya ma, don ranar diyya da mai gida ake magana, wanda ya shekara talatin yana biyan haya sai ya tashi da tabarmarsa kawai. Ku tambayi takardar fili. Nan za ku sha mamaki, gidan gado ne da yawa, magada goma, takarda a akwatin wanda ke Jamus.

Sannan gota, wato magudanar ruwa. Na san ku samari, fitilar titi da fenti kuke hange. A layinmu an taɓa tara kuɗi aka zuba wa lungu siminti, sumul, ba a bar wa ruwa hanya ba. Ruwan farko na damina ɗakin wata baba mai koko ya nufa. Na same ta da asuba a tsaye, ruwa iya gwiwa, ta ɗora buhun gero a ka, tana cewa, "Wa ya aike ku?" Ruwan Nima kogin Odaw yake gangarawa, kuma ba mu manta 3 ga Yunin 2015 ba, daren da ambaliya da gobara a Kwame Nkrumah Circle suka ci rai sama da 150. Kafin ku sayi siminti ko buhu ɗaya, ku fita cikin ruwan sama ku ga inda yake bi, ku kuma daidaita da masu aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kan kwashe bola.

Kuɗi kuwa, an kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, kodayake an soke ma'aikatar zango a 2021. Akwai shirin GARID na maganin ambaliya da gyaran unguwanni, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 200 a 2019, Nima na ciki. Ku kai wa asambuliman ɗinku, wato kansilanku, littafin nan, ku nemi a sa layinku cikin tsarin Majalisar Ayawaso ta Gabas, ku riƙe kwafi.

Ku gaida sarki da liman kafin ku kira taro. Kada dai ku sa shi ranar Laraba, iyayenku mata suna kasuwa, kuma su ne suka san gidan da ruwa ke fara shiga.