Akwatin hira ya ƙi fitowa a shafi

Malam, ka ce ka liƙa lambar da kamfanin manhajar hira ya ba ka, amma akwatin ko alamarsa babu. Fara duba inda ka ajiye ta: can ƙasan rubutun HTML na shafin take zama, dab da </body>. In da WordPress aka gina shafin, kada ka taɓa fayilolin jigo (theme), sabuntawa na iya share aikinka. WPCode ya isa: ƙari ne (plugin) na WordPress da ake liƙa irin wannan lamba a cikinsa.

Ni dai na fi zargin jerin adireshin da ka ba izini a saitin manhajar hirar. Wasu kamfanonin, da www da babu www, shafi biyu suke ɗauka. Wannan ya taɓa cinye min yini guda cur! Sa duka biyun, share ma'ajiyar wucin gadi ta burauza, sannan danna maɓallin F12 don buɗe tagar da burauza ke nuna kurakurai. In ka ga jan rubutu, turo mana mu duba.