Ciwon jiki da gajiya, amma gwaji bai nuna komai ba

Malam, ka ce wata takwas ke nan uwargida na kukan ciwo a ko'ina da gajiya, gwajin jini bai nuna komai ba, har dangi sun fara cewa son jiki ne ko sammu. Allah Ya ba ta lafiya.

Wannan ya yi kama da faibromayaljiya, inda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke zuzuta zafin ciwo, shi ya sa gwaji ba ya kama shi. Likita ne zai tabbatar, bayan ya duba ƙarancin jini, ciwon sukari da matsalar tayirod, wato wata halitta da ke gaban wuya.

Ƙaryata ta da ake yi yana ƙara mata ciwo: damuwa ta hana barci, rashin barci ya tsananta zafin. Ka tsaya mata a gaban dangi, bakinka ya fi nata tasiri. Ka kuma lura da ranar da ta ɗan ji sauƙi. A irin wannan rana, don ta wanke kanta daga zargi, tana iya haɗa wanki, shara da girki, abin ya kwantar da ita kwana uku. Gara ta yi aikin minti 15 ta huta, tun kafin jiki ya ƙi. Idan ƙaramin aiki na kayar da ita bayan awa 12 zuwa 48, a faɗa wa likita, alamar ciwon gajiya mai naci ce, kuma tilasta motsa jiki na iya dagula shi.

Kada a saya mata tramadol a kemis. In ta daina cin abinci, tana yawan kuka ko zancen mutuwa, a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa a ranar.