Gero kaɗai zai riƙe aku?

Malam, ka tambaya ko gero kaɗai ya ishi akun da aka kawo maka. Gaskiya bai ishe shi ba. Wannan mai ruwan toka da jar wutsiya ɗan kurmin Kamaru da Kwango ne, can 'ya'yan itatuwa da kwakwar manja yake ci. Ka haɗa masa da gwaba, mangwaro, karas, da gyaɗa kaɗan wadda ba ta yi fumfuna ba. Avokado da cakulan kuwa guba ne gare shi.

Hunturunmu na Maradi yana busar masa da fata, sai ka riƙa fesa masa ruwa da hantsi. In ka ga yana fige gashin ƙirjinsa, yawanci kaɗaici ne, ka matso da kejin inda iyali ke hira.

Kar ka sayi wani a kasuwa don Allah: tun 2017 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana fataucin na daji tsakanin ƙasashe.