Hamlet ba makoki yake ba, lissafi yake

Ka tambaye ni wai me ya sa duk sanda ka yi doguwar maganar nan ta Hamlet, jarumin wasan kwaikwayon Shakespeare mai wannan suna, wadda yake auna a rayu ko a mutu, darakta sai ya ce kayi yawa. To ɗana ai na ganka a rihazal, tun kafin ka buɗe baki ka riga ka shirya hawaye, matsalar kenan. Koma ka karanta fitowa ta ɗaya a kashi na uku da kyau, a wajen nan bai ambaci babansa da aka kashe ba, bai ambaci baffansa Claudius ba, lissafi kawai yake, wahalar duniya ga ta a fili amma abinda ke bayan mutuwa ba wanda ya je ya dawo ya bada labari, shi yasa mutane ke haƙura su zauna. Mai lissafi kuma bai san amsa ba tukuna, kai ko kana faɗa kamar hadda.

Abu na farko da zaka yanke shine da wa kake magana. Zamanin Shakespeare, wajen 1600, a gidan wasa na Globe da rana tsaka ake wasa, ƴan kallo na tsaye gaban dandamali kana ganin idonsu, to dole dasu kake. Ɗan wasa Andrew Scott ma haka yayi a gidan wasa na Almeida a Landan a 2017, yana tsayawa yana laluben kalma da hannu kamar yanzu tazo masa, wasu sunce yayi sanyi, ni dai wallahi nasa yafi shiga raina.

Fim kuma wani abu ne daban don kyamara ta riga tazo har gaban hancinka. Laurence Olivier a 1948 sai ya hau can saman ganuwa teku na bugawa a ƙasa, wani ɓangaren ma bakinsa a rufe muryar ce kawai ke tashi, ƙarshe wuƙar ta suɓuce masa ta faɗa ƙasa. Kenneth Branagh a 1996 gaban madubi ya tsaya, yana takowa a hankali yana magana ƙasa-ƙasa har ya zaro wuƙa, alhali Claudius da mashawarcinsa Polonius na laɓe a bayan madubin suna kallo, kaga nan maganar ta koma barazana ko da shi bai sani ba. Ethan Hawke a 2000 cikin shagon hayar kaset aka sa shi yawo, wannan kam dabarar darakta tafi wasan ƙarfi, bana so ka kwaikwaya.

Kai a dandamali zaka yi, babu mai matso maka da kyamara, saboda haka raɗa irin ta Branagh bazata kai kujerar baya ba. Ɗaga murya daga ciki amma kar ka ƙara mata kuka. Inda ya kamanta mutuwa da barci sannan mafarki ya faɗo masa, nan ne maganar ta juya, tsaya a wajen ka bari tsoron ya same ka kafin kaci gaba, kar kayi ta tsayawa a kowane layi sai kace mota a go-sulo.

Gobe kazo da wuri, zan zauna a layin ƙarshe, ni zaka faɗawa, hannunka kuma a aljihu har ka gama.