Zuwan sojojin waje ya rage ta'addanci kuwa?

Malam ka tambaya ko sojojin waje sun rage mana ta'addanci, wallahi ni ban gani ba. Tun da OTAN, ƙungiyar ƙawancen sojan ƙasashen Yamma, ta taimaka aka kifar da Gaddafi na Libiya a 2011 makamai suka malalo kudu, Faransa ta kawo rundunar sojanta ta Barkhane, Amurka ta kafa sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, amma Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa a 2015, nan gabas da mu Damagaram. Faransawa sun fita daga Nijar ƙarshen 2023, Amurkawa 2024, har yau Tillaberi ba ta huta ba. Abin da ke ci mini rai shi ne masu kai wa 'yan bindigan nan kuɗi da mai da babura, su ya kamata a fara kamawa.