Wai me ya sa jaruman littattafanmu ba sa rabuwa da kuka?

TAMBAYA: Salam Anti, don Allah me ya sa duk littafin Hausa da na ɗauka sai in tarar yarinyar ko auren dole aka yi mata, ko kishiya da uwar miji sun sa ta a gaba? Ba wani labarin ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Gaskiya akwai maimaici, ban musa miki ba, wasu marubutan kukan kawai suke sayarwa, shafi hamsin yarinya na ɗaki tana rusa kuka ba ta taɓuka komai har sai wani Alhaji mai mota ya zo ya cece ta, irin wannan ni ma gundurata yake.

Amma fa abin yana da tushe. Tun a shekarun 1980 da littattafan soyayya suka fara cika kasuwar Kano, mata da yawa suka shiga rubutu, kuma abin da suke gani a gidajensu da na maƙwabta suka rubuta. Ki nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi 'ya'yanta tara, mijin ya auro wata ya kore ta da yaran gaba ɗaya, ba ta zauna jiran kowa ba, sana'ar sayar da abinci ta kama ta riƙe su har ta aurar da 'yarta Saudatu. Kuma duk da haka ƙarshe sai da dangi suka taru a kanta kan ta koma gidan mijin bayan ya karye, wannan wurin har yau yana min ciwo wallahi.