Awon TSH na jaririna ya nuna 32, shin yana da matsalar tayirod?

Tambaya: Likita, ina shan maganin maƙoƙo tun kafin in samu ciki, saboda haka aka ɗibi jinin jaririna kwana ɗaya bayan haihuwa. Takardar ta nuna TSH 32, alhali a gefe an rubuta cewa daidai shi ne 0.4 zuwa 4. Yau kwanansa shida, yana shan nono lafiya. Shin ciwona ya gada?

Amsa: Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. 'Yar'uwa, lambobin da kika gani a gefen takardar na manya ne, kuma ba a auna jinjirin kwana ɗaya da su. TSH sinadari ne da wata 'yar glanda da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take fitarwa domin ta umurci tayirod, wadda ke gaban wuya, ta samar da sinadaran T4 da T3, waɗanda girman jiki da ginuwar ƙwaƙwalwa suka dogara a kansu. Idan T4 ya yi ƙaranci sai TSH ya hau. Amma a jarirai akwai wani dalilin na daban: da zarar yaro ya fito daga ɗumin mahaifa ya ji sanyin duniya, TSH ɗinsa yakan yi tsalle ya kai 60 zuwa 80 cikin rabin awa, sannan ya riƙa sauka, har ya koma ƙasa da 10 a mafi yawan yara kafin ranar suna. Shi ya sa da yawa daga cikin ƙasashen da ke auna kowane jariri suke jira awa 48 zuwa 72 kafin su tsaga dunduniya su ɗiga jinin a kan takarda. Awon da aka yi wa ɗanki ya zo da wuri, don haka 32 ba ta tabbatar da ciwo ba, ba ta kuma kore shi ba.

Abin da ya wajaba shi ne a sake awon cikin wannan makon, daga jijiya, a duba TSH tare da T4 ɗin da ke yawo a sake cikin jini, wanda ake kira firi T4. Kada a ce a bari sai an yi arba'in. Kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da ƙarancin aikin tayirod, kuma mafi yawansu ba sa nuna komai a makonnin farko, domin ɗan T4 da suka samu daga uwa yana rufa musu asiri. Kafin a ga ciwon shawarar da ya ƙi wucewa, da yawan barcin da mutanen gida kan yaba da cewa yaron ba shi da rigima, da taurin bayan gida, da ƙaton harshe, da faffaɗar maɗiga, da dusashewar murya wajen kuka, to ƙwaƙwalwa ta riga ta fara cutuwa. Idan awon na biyu ya nuna T4 ƙasa, ko TSH ya wuce 20, za a fara ba shi levothyroxine, maganin da ke maye gurbin T4, maikurogiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, ana niƙa ƙwayar a ɗan nono a cokali, ba tare da haɗa ta da maganin ƙarin jini ko madarar waken suya ba. Yaron da aka fara wa magani cikin mako biyu na farko yawanci yakan tashi da basira kamar sa'anninsa, kuma idan ya kai shekara 3 akan sake dubawa ko yana buƙatar ci gaba da sha.

Ki kai wa likitan yara kwalin maganinki ya gani da idonsa, domin maƙoƙo iri-iri ne. Idan levothyroxine kike sha, ba ya cutar da jariri. Idan kuwa carbimazole ne, na rage aikin tayirod, yakan ratsa mabiya ya danne ta jariri na ɗan lokaci. Haka kuma ƙwayoyin garkuwar da suka haddasa miki ciwon suna iya ratsawa zuwa jariri su sa tayirod ɗinsa ta yi aiki fiye da kima bayan maganin ya fice daga jikinsa, wajen kwana bakwai zuwa goma. Idan kika ga yana yawan firgita, zuciyarsa na bugawa da sauri, ko yana shan nono amma ba ya ƙara nauyi, ki kai shi asibiti a ranar.